Bashin Puerto Rico da irin taimakon da Washington ta bayar

A 2016 masu bashi suna bin Puerto Rico sama da dala biliyan 70, ban da kuɗin fansho kusan biliyan 50. Tsibirin yankin Amurka ne amma ba jiha ba ne, kuma tun 1984 doka ta hana hukumominsa neman kariyar kotu idan sun gaza biya.

Bashin ya taru ne saboda ba a karɓar haraji kan ribar takardun lamunin tsibirin, wato takardun da gwamnatinsa ke sayarwa don cin bashi, sai masu zuba jari suka yi ta rububinsu. Ga shi rangwamen harajin da ya jawo masana'antu ya ƙare a 2006, gwamnati ta koma cin bashi don biyan albashi.

Dokar PROMESA, wadda Amurka ta yi kan wannan bashin kuma Obama ya sa wa hannu ranar 30 ga Yunin 2016, ba ta kawo ko sisin kwabo ba. Ta dakatar da ƙararrakin masu bashi na ɗan lokaci, ta buɗe hanyar sasantawa a kotu, ta kafa kwamitin mutum 7 mai iko kan kasafin kuɗi. A 2022 kotu ta rage wani ɓangare na bashin daga biliyan 33 zuwa kimanin biliyan 7.

Abin da ke damuna shi ne mutanen tsibirin ba su zaɓi kwamitin ba, alhali kansu tsuke bakin aljihun ya faɗa.