Asabar, a ƙarƙashin Kishiya

Sha ɗaya saura na dare, hannuna bai daina warin fetur ba duk da wanki uku da sabulun kwanuka. Uwargida ta ce kada in kuskura in taɓa filonta. Ga ni a kicin da kofin shayi.

Mako uku ke nan Kishiya, tsohuwar motata ƙirar MGB, tana min tsiya. Ta tashi lafiya lau, mu yi mil biyar ko shida, da mun kama hawa sai ta fara tari kamar za ta shiɗe, in na sassauta totur ta farfaɗo. Juma'ar waccan ta mace min murus a ƙofar masallaci, daidai lokacin da jama'a ke fitowa. Nan take kowa ya zama bakanike, kuma bakinsu ya zo ɗaya: famfon mai ne. Ni ma abin da ke raina ke nan. Duk mai MGB, in mota ta yi tari, famfo yake fara harara.

Kuma yana da tarihi. Tawa 'yar 1971 ce, tun daga masana'antarta ta Abingdon aka ɗaura mata famfon lantarki na kamfanin SU a can ƙarƙashi, kusa da tayar baya ta dama, gefen akwatin batir, inda duk wani taɓo da gishirin titi ke taruwa. Cikinsa ba wani abin kirki: naɗin waya, da fatar roba kamar ta kalangu mai ja da tura mai, da ɗan kwantak da ke buɗewa yana rufewa. Ka murɗa makulli ka ji tak-tak-tak da sauri, ya riƙa sassautawa, ya yi shiru in kofunan kafireta biyun sun cika. Wannan shirun shi ne izinin tada mota. In ta daɗe a ajiye kwantak ɗin kan yi datti ya maƙale, maganinsa a ɗan ƙwanƙwasa jikin famfon da ƙotar guduma. Sau biyu na yi masa haka a sanyin bara. To wanda aka taɓa kamawa da hannu a tukunya, ko kyanwa ce ta ci naman shi za a duba.

Sabon ya iso ran Laraba. Fam ɗari da ɗoriya. Uwargida ta ga rasit ɗin, ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Na fara ƙarfe tara. Sanyi, ƙasa jiƙe. Na cire wayar at daga batiran nan biyu masu bolt shida-shida da ke bayan kujeru, don farar wayar da ke kai wa famfon wuta babu fis a kanta, kuma ba na wasa da tartsatsi a inda fetur ke ɗiga. Jak, sannan ƙafafun ƙarfe, sannan na girgiza ta da ƙarfi kafin in shiga. Da gangan na bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, saboda in ya cika, kana kwance bututu mai zai biyo ya yi maka wanka. Notunan bututun biyu kowanne da woshoshinsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma sai ɗaya ta faɗi ta gangara inda hannu ba ya kaiwa, wannan dole ne. Tsatsa a ido, tsatsa a baki. Na duba kwalin sau biyu, don sabon irin mai ilektoronik ne, babu kwantak, kuma ya damu da wace waya ce ke zuwa jikin mota: MGB na farko-farko, kafin ƙarshen 1967, fozitib ne a jiki, tawa negatib. Ka juya masa wuta ka yi asarar kuɗinka.

Dattijo maƙwabcina ya leƙo ta saman shinge da kofinsa, ya ba ni labarin masana'antar motoci ta Longbridge karo na ɗari, ya koma ciki da sanyi ya ishe shi.

Wajen ɗaya na gama. Na kira Auta ta zauna a kujerar direba, na ce ta murɗa makulli mataki biyu kawai, kada ta tayar. Tak-tak-tak-tak. Na kwanta ina murmushi ina jiran ya sassauta. Bai sassauta ba. Minti ɗaya, minti biyu, yana ta zuba kamar keken tela daren sallah. Auta ta ce, "Abba, haka ake so?" Na ce kashe.

Na buɗe bonet ko kafireta ce ke ambaliya, don kafiretar SU ba ta son matsi, wajen psi uku ya ishe ta, in ya wuce haka ko allurar da ke tare mai a kofinta ta maƙale sai mai ya riƙa tsiyaya ta bututun rara. A bushe suke ƙayau. Na zare tiyon na sa a kwalbar jam. Famfo mai lafiya ya kamata ya ba ka aƙalla fayint ɗaya a minti, wato rabin lita da 'yan kai, kuma a miƙe, ba yankewa. Nawa kumfa yake tofarwa, fut, fut, kamar famfon unguwa ranar da ruwa ya dawo. Nan na yanke hukunci cewa lalatacce suka aiko min. Har na fara rubuta musu wasiƙa a waya da yatsu masu baƙin mai, da irin turancin nan na ɓacin rai mai ladabi.

Ban san abin da ya sa na fasa na kira Kawu ba. Wata biyu rabona da shi.

Ɗan Yaya ne ya ɗauka, ya kai masa. Can Najeriya suna gaba da mu da awa ɗaya yanzu, Kawu yana zaune a ƙofar gida yana jiran la'asar. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ina ta maimaitawa. Na ɗora laifin a kan netwok.

"Kawu, mota ce ta gagare ni."

"Na'am?"

"Mota! Ta gagare ni!"

"Wannan akwalar taka mara rufi? Ai na ce ka nemi fijo ka huta." Ya yi dariya har da tari.

Na ce famfon mai na canza, ga abin da yake yi, ku saurara. Auta ta murɗa makulli, na cusa wayar ƙarƙashin mota dab da famfon, na riƙe daƙiƙa ashirin. Na fito da ita.

"Kun ji?"

"Sa mini dai."

Na sake. Wannan karon har wayar na taɓa jikin ƙarfen.

"To kunna mana, ɗan nan."

Sai na ji muryar yaron daga gefe, yana cewa, "Alhaji, ai ga shi nan yana ta tak-tak, ni ina ji." Daga nan shiru. Ba na netwok ba, don ina jin kukan akuya da babur yana wucewa.

Mutumin nan, ina ɗan shekara goma, a garejinsa na Kaduna, shi ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin fijo 504 ya manna ƙotar a kunnena ya ce in faɗa masa abin da na ji. Lokacin fijo ta cika gari, ana harhaɗa ta a Kakuri tun 1975, rabin motocin da ke shigowa garejin ita ce. Mota na karyo kwana, kafin direba ya kashe, Kawu na kan benci da goro a baki zai ce bawul ne, ko ya ce salansa ce kawai, ku ɗaure masa ya tafi. Yara su buɗe su tarar haka ne. Da kunne ya ci abinci shekara arba'in, da shi ya biya min kuɗin jarrabawa.

Shi ya katse shirun. "To yi mini da bakinka."

"Na'am, Kawu?"

"Yadda yake yi. Yi da bakinka, da ƙarfi."

Ga ni, mai furfura a gemu, durƙushe a kan siminti a Birmingham, ina ihun TAK-TAK-TAK-TAK a waya. Auta ta kifa kai a sitiyari tana dariya. Labulen Dattijo ya motsa.

"Yana tsayawa ya huta, ko ba ya tsayawa?"

"Ba ya tsayawa."

"Mai na zuba a ƙasa?"

"Ko ɗigo."

"Kafin ka canza, in ka cika tanki tana yi maka tarin?"

Na buɗe baki na rufe. Ba ta yi. Duk ranar da ta kunyata ni, allurar gejin mai na ƙasa da rabi. Kuma in na cika ta, washegari gareji kan ɗan yi warin fetur, har uwargida ta yi magana sau biyu na ce mata haka tsofaffin motoci suke. Na faɗa masa, da ƙarfi, sau biyu.

"Iska yake sha," in ji shi. "Famfon da ya ƙoshi yakan yi shiru. Naka yana tsotso yana samun iska, yaushe zai ƙoshi? Bar gaban, koma baya. Tsakanin tanki da famfo akwai inda ya huje. In mai ya yi sama ya rufe hujin sai ya ɗan tsattsafo, shi ne warin da matarka ke ji. In ya sauka, iska ta shiga." Ya ɗan numfasa. "Tsohon fa, ina ka kai shi?"

"Yana kwandon shara."

"Ka bar jaki kana dukan taiki. Da me ya yi maka?"

Bai taɓa ganin MGB da idonsa ba. Famfon 504 ɗinsa ma ba na lantarki ba ne, a jikin inji yake, inji ke motsa shi.

Akwai wani guntun tiyon roba, bai kai tsawon tafin hannu ba, da wani mai motar kafin ni ya haɗa bututun tanki da shi. Da safe na riƙe shi da hannuna, na mayar da shi, na ƙara masa ɗauri ma. Daga ƙasa lafiyarsa ƙalau. Da na cire na lanƙwasa shi a hasken tocila, saman duk ya tsattsage kamar faso a dunduniya lokacin hunturu, ɗaya tsagar har ciki, a gindin kilif. Tsohuwar roba ce da ba a yi ta don fetur mai ethanol ba, ga shi tun Satumbar 2021 E10, mai ethanol har kashi goma, shi ne man gama-gari a nan. Ni E5 nake saya mata, mai ƙarancin ethanol, mai tsadar, amma shekaru ma kaɗai sun isa. Ina da ragowar tiyo mai lambar R9, wanda ke jure ethanol, a kan kanta tun aikin kafireta. Na yanka, kilif biyu sababbi, minti goma.

Auta ta murɗa. Tak-tak-tak-tak, tak-tak, tak... tak. Shiru. Kwalbar jam ta cika a rabin minti, babu kumfa ko ɗaya. Muka zaga unguwa da hular sanyi, muka hau hawan nan da ke bayan makarantarsu a giya uku, ko gezau. Magariba ta riske mu a hanya, huɗu da 'yan mintoci.

Na goge wasiƙar.

Auta ta ce aikinta fam biyar ne. Mun daidaita a uku.

Tuwon semo da miyar kuɓewa. Uwargida ta ce, "Ashe dai hancina ya fi fam ɗarinka." Na ba ta gaskiya, ba yadda zan yi.

Bayan isha na sake kira in gaya wa Kawu ya canka. Yaron ya ce ya shiga ciki, kuma da daddare ba ya son waya, wai tana gajiyar da shi. Na tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Ya ce ai an daɗe, ko rediyon ma ya daina kunnawa tun kafin azumi, liman kuma sai ya tsaya a sahun gaba yake bin sa. Kowa a gidan ya sani. Duk kiran da na yi a bana ina cewa netwok ɗin Najeriya sai addu'a, shi kuma yana cewa ƙwarai kuwa.

Na tura wa Yaya saƙo kan a kai shi a duba kunnen, ko nawa ne na'urar zan aiko. Ta karanta, ba ta amsa ba tukuna. Na san abin da za ta ce, an yi masa maganar ya ƙi, wai shi ba kurma ba ne.

Na fita da silifa na tono tsohon famfon daga shara, ƙarƙashin ɓawon albasa. Na goge shi, na haɗa masa waya biyu a kan batirin ajiya. Tak-tak-tak, babu ko gardama. Yana kan kanta yanzu kusa da gwangwanin notuna. Shayin ya huce.