Kada Ku Haddace Kalmar Turanci Ita Kaɗai

Lokacin da nake shirin jarrabawar WAEC, na cika littafin rubutu guda da kalmomin Turanci, kowace da ma'anarta ɗaya tilo a gefe, ina ganin da zarar na haddace su na gama da harshen. Ban gane illar wannan hanya ba sai da na kama aiki, ranar da shugabana ya bar mini 'yar takarda a kan tebur da ke cewa "The meeting has been called off." Na san "call" kira ne, saboda haka na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina shaida musu an kira taro, alhali soke shi aka yi. Wani dattijo ya taso daga nesa da kuɗin motarsa, ya tarar da zauren a kulle, kuma har yau ina jin nauyinsa idan na tuna.

Ƙannena, abin da ya shige mini duhu a lokacin yana nan a harshenmu. Wanda ya ci amana, da wanda ya ci kasuwa, da wanda ya ci jarrabawa, babu wanda ya kai loma baki a cikinsu, domin abokiyar tafiyar kalmar ce ke yanke ma'anarta. Haka "put" take: "put off" ɗage abu ne zuwa wani lokaci, "put out" kashe wuta, "put up with" kuwa jure wa abin da ba ka so.

Sanin ma'anar ma bai wadatar ba, sai an san abin da ke biyo baya. Na shafe shekaru ina rufe wasiƙun neman aiki da "I look forward to hear from you", ban san "hearing" ake buƙata a wurin ba. Ana cewa "pick it up", ba a cewa "pick up it". Sannan da yake "yi" ɗinmu ta haɗe "do" da "make", bakinmu yakan zame zuwa "do a mistake" maimakon "make a mistake".

Saboda haka duk kalmar da za ku shigar a littafinku, ku rubuta ta cikin cikakkiyar jimlar da kuka tsince ta, sannan ku duba ƙamus irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, ku karanta misalan da ke ƙarƙashin ma'anar, waɗanda ni a da nake tsallakewa don sauri.