Kafin ka bari a kwance maka tsohon bafle

Jama'a abin da ke ɓata min rai a Damagaram shi ne yadda ake kashe tsofaffin bafle, wato akwatunan sifika, da sunan gyara. Mutum na da Pioneer ko Sansui ko Kenwood na shekarun 1970 da 1980, irin masu akwatin katako mai nauyin nan da iyayenmu suka sayo a Kano ko suka taho da su daga Makka, sauti ya ɗan canja sai ya ɗora a mashin ya kai wurin mai gyara, shi kuma ko awo bai yi ba ya kwance sifikar asali ya wurga ƙarƙashin tebur ya ɗaura sabuwa mai arha. Ƙara kam za ta fito, amma zaƙin nan ya tafi kenan, don akwatin da sifikar tare aka auna su tun a masana'anta.

Alhali sau da yawa ma ba baflen ne ke da laifi ba. In gefe ɗaya ya yi shiru ko yana ƙarƙara, kashe ampli, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, ka musanya wayoyin, ta dama ta koma hagu. In matsalar ta tsaya a baflen da take to shi ne, in ta koma ɗaya baflen, ampli ne. Ƙarar ƙas-ƙas da kake ji in kana murza bolim kuwa ƙurar hunturu ce ta cika maɓallin, a fesa masa maganin wanke kwantak a yi ta murzawa, shi kenan.

Babban ciwon tsofaffin baflen dai soso ne, wannan zoben da ya kewaye bakin babbar sifika. Cire ragar gaba ka duba da kyau. Na wani baffana da na taɓa da yatsa haka ya marmashe kamar busasshen burodi, baƙin gari ya zubo min a tafin hannu, ga takardar sifikar tana lilo ba abin da ya riƙe ta. Soson irin na wancan zamani bayan shekara 15 zuwa 20 ruɓewa yake ko ba a kunna shi, balle da zafin bazararmu da ke wuce digiri 40. Masu zoben yadi ko roba sun fi daɗewa. In ka ji ganga tana fitowa fur-fur, don Allah daina kunnawa, domin bobin, wato naɗin siririyar wayar da ke cikin sifikar, gogar maganaɗisu yake, in ya ƙone aiki ya ninka. Sa yatsu kewaye da tsakiyar takardar ka danna a hankali, in ta shiga ta fito sumul bobin lafiya lau, sabon soso kawai take so. In ka ji kurza to ya riga ya taɓu.

Gwajin da na fi so ko dala ba ya ci. Pil, wato batir, ɗaya na 1.5 irin na tocila, ka taɓa wayoyin sifikar da shi, mai rai za ta yi ɗas takardar ta motsa. Babbar kawai fa, kar ka gwada a twita, wato ƙaramar sifikar da ke ba da siririn sauti. Mai mita kuma ya auna, sifika mai om 8 za ta nuna wajen 6 ko 7, daidai ne wannan, kar wani ya ce maka ta mutu.

In kuma murya ta dushe, kalangu ba ya tashi ras, sai a waiwayi twita. Ko ta ƙone saboda an ƙure ƙaramin ampli ranar biki har sauti na fashewa, ko kondansata, wani ɗan kayan lantarki da ke kan ɗan allon cikin akwati, ya bushe. A sa wani mai lamba iri ɗaya, marar plus da minus. Tunda ka buɗe akwatin ma leƙa ko'ina, zanzaro na son gina ɗakinsa a ramin iskan nan, ɓera na cin waya, gara kuma ta ƙasa take farawa in an ajiye shi a daɓe.

Akwai wanda bas ɗinsa ya ɓace alhali komai lafiya, waya ce aka juya a bafle ɗaya, ja ta tafi wurin baƙa, sai ɗaya na turawa ɗaya na ja suna cinye juna.

Soson ne dai ke wahalar samu a nan. In ka zaga Kasuwar Dole ba ka dace ba, auna faɗin sifikar, inci 8 ce ko 10 ko 12, ka ba masu zuwa Kano sautu. A kankare tsohon gam tas, a liƙa da gam mai laushi ba sufa gulu ba, don shi ƙandarewa yake ya tsage takarda. In kuma dole sai an sa wata sifikar kafin saƙo ya iso, ka ce wa mai gyaran, Malam ba ni tsohuwar, ka tafi da abarka gida.