Wayoyin da Magina Suka Binne a Bangon Gidana Ba da Izinina Ba

Kwangilar gyaran gida da na bayar ba ta ƙunshi aikin lantarki ba. Abin da muka rubuta da ɗan kwangilar shi ne a rushe bangon da ya raba ɗakin girki da sito, a sake filasta, a sa tayil a banɗaki, sannan a yi fenti. Wayarin kuwa na riga na shirya da wani ma'aikacin lantarki mai lasisi cewa zai shigo idan an gama rushe-rushe, kafin a rufe bango. Amma da na leƙa wurin wata rana da yamma, sai na tarar an ƙara soket a ɗakin girki, an matsar da makunnin fitilar banɗaki, an kuma ja waya zuwa inda za a kafa hitar ruwa, duk an bi da siminti an shafe, filastar ma ba ta gama bushewa ba.

Da na tambayi ɗan kwangilar, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce: "Yallaɓai, sauƙaƙa maka muka yi. Akwai yaronmu da ya iya haɗa wuta, ga shi kuma komai yana kamawa." Ya danna makunni, fitila ta kama. Na yarda ba da mugun nufi suka yi ba, domin jiran mai lantarki yana tsayar da birkila, aikin da ya tsaya kuwa asara ce ga mai biyan leburori kullum. Sai dai kamawar fitila ba ta nuna kaurin wayar da ke cikin bango, ba ta nuna yadda aka haɗa ta, ba ta kuma nuna abin da zai faru ranar da jiƙaƙƙen hannu ya taɓa famfo.

Ban tsaya dogon musu ba. Na kashe wutar sassan da aka taɓa daga allon rabon wuta, na ce a dakatar da tayil da fenti, na ɗauki hoton kowane wuri, sannan a daren na aika wa ɗan kwangilar saƙo a rubuce cewa ban ba da izinin wannan aiki ba, kuma kada a ƙara rufe komai sai an duba. Dakatar da tayil ɗin ya fi komai amfani, domin fasa ɗanyar filasta abu ne mai sauƙi, fasa tayil kuwa wata sabuwar ɓarna ce.

Mai lantarkin da ya zo ya gaya mini tun farko cewa ba zai sa hannu a kan aikin da bai gani da idonsa ba. Ya fara da na'urar gwaji kafin ya ɗauki guduma. A wasu daga cikin sababbin soket ɗin babu wayar ƙasa sam, wato wayar da ke janye wuta idan ta zubo a jikin ƙarfen firji ko tukunyar lantarki, ta sa bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa) ta katse kafin mutum ya taɓa. A banɗaki kuma an ɗora makunnin a kan wayar da ba ita ke ɗauke da wuta ba, saboda haka ko an kashe fitila, mazaunin ƙwan yana nan da wutarsa, yana jiran wanda zai zo canza ƙwai da zaton babu haɗari.

Layin hitar ne ya fi tayar mini da hankali. An ja shi da waya mai girman murabba'in milimita 1.5, irin wadda ake yi wa fitilu, aka kuma jona shi a bireka mai amfiya 32. Mai lantarkin ya yi mini lissafin a bayan kwalin siminti: hita mai wat 3,000 a kan wuta mai bolt 230 tana jan kusan amfiya 13, wanda ya riga ya kai siririyar wayar da ke binne cikin bango bakin iyakarta, alhali birekar ba za ta motsa ba sai abin da ke bi ya haura 32. Aikin bireka shi ne ta kare waya, idan kuwa ta fi ƙarfin wayar da ke bayanta, duk lokacin da wutar da ke bi ta wuce iyakar wayar za ta yi ta zafi har robarta ta narke ba tare da komai ya katse ba. Da ya sassaƙe filastar, sai ga mahaɗar wayoyi biyu an murɗe su da hannu an naɗe da tef, babu akwati, babu bututu, siminti ya manne a jikin tef ɗin. Wayar ma a karkace ta ratsa bangon, maimakon ta bi tsaye ko kwance daga soket kamar yadda aka saba, ta yadda duk wanda ya zo kafa ƙusa nan gaba ba zai yi tsammanin akwai wuta a wurin ba. Babu kuma na'urar nan mai katse wuta idan ta zurare da miliamfiya 30, wadda ita ce ke ceton rai a wurin da ruwa da lantarki suke maƙwabtaka.

Na roƙe shi ya rubuta duk abin da ya gani ya sa hannu, kuma wannan takarda ce ta raba gardama. Kafin ta zo, maganata ce da ta ɗan kwangilar, shi yana cewa aiki ya yi, ni ina cewa bai yi ba. Da na ajiye masa rahoton da hotunan, sai murya ta sauka. Da yake akwai ragowar kuɗinsa a hannuna, muka daidaita cewa shi zai ɗauki nauyin fasa bango da mayar da filasta da kayan da aka ɓata, ni kuma in biya sabon wayarin, tunda dama ni zan biya shi ko da ba su taɓa ba. Ban ga adalci ba a ɗora masa abin da yake wuyana tun asali, ban kuma biya ko kaɗan a kan aikin da ban sa a yi ba. Yaron da ya yi haɗin ya tsaya yana kallo lokacin da ake gyarawa, mai lantarkin yana nuna masa dalilin kowane abu, kuma na ji daɗin hakan, domin gobe wani gidan zai shiga.

Dokar aikin lantarki ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a wurare da yawa ana buƙatar mai lasisi ya yi sabon layi ko ya gwada shi ya ba da takardar shaida, kuma rashin wannan takarda kan zama matsala idan gobara ta tashi aka je neman diyya a kamfanin inshora, ko idan aka tashi sayar da gidan. Mai gida ne ake tambaya a irin wannan rana, magina sun daɗe da tafiya. Saboda haka kafin a ci gaba da aiki na sa aka ƙara sharaɗi a yarjejeniyarmu cewa babu wanda zai taɓa waya sai mai lantarkin, kuma ba za a rufe bango ba sai ya gwada ya amince. Kowane layi na ɗauki hotonsa da tef ɗin awo a gefe kafin a shafe, na haɗa hotunan da takardar shaidar gwajin a fayil ɗaya, aka kuma rubuta a jikin kowace bireka ɗakin da take ba wuta.