Yau na danna ƙirjin mutum-mutumi har hannuna ya mutu

Tun da muka fara karatun jinya nan Damagaram nake raina ɗakin gwajin nan. Mutum-mutumin roba ne kwance bisa gado, ba ya kuka, ba ya tambayar ina danginsa. Na ɗauka wasan yara ne.

Yau Madam, malamarmu, ta ce zuciyarsa ta tsaya, ni zan farfaɗo da shi. Danna 30, busa iska 2, a sake. Ƙirji ya nutsa santimita 5 zuwa 6, danna 100 zuwa 120 a minti guda. A takarda na haddace tsaf. Kafin minti biyu gumi ya jiƙa farar rigata, gwiwar hannuna tana lanƙwashewa, lissafin ma ya ɓace mini.

"'Yata, miƙe hannunki, da nauyin jiki ake dannawa." Sau huɗu ta maido ni farko. Ƙawayena na ta dariya, su ma layinsu na tafe.

Abin da ya tsaya mini a rai: a kan roba na yi kuskuren nan, ba a kan kakar wani daga Birni ba. Robar dai ba ta da jijiya mai guje wa allura irin ta yaron da zawo ya ƙarar da ruwan jikinsa, wannan sai a asibiti.

Gobe gwajin saka ruwa a jijiya ne. A yi mini addu'a.