Abin da ke cikin kunnena kwanan nan

A Maradi in ka ce ma yaro wane albom kake saurare, sai ya dube ka kamar ka yi mishi Zabarmanci. Mu nan waƙa ɗaya ɗaya muke ci. Ka je wajen masu turi bakin kasuwa ka miƙa kart memuwar, dala ashirin ko arba'in a cika maka ita, Hamisu Breaker na bin wa'azi, wa'azi na bin Ado Gwanja, can ƙasa kuma ga wani Shata da anka yanke ma kai, babu suna babu shekara. Ni ma haka nike saurare, amma watan ga a fadarmu ta shan shayi munka ce kowa ya ɗauko albom guda a ji shi daga farko har ƙarshe ba mai taɓa waya, kuma sharaɗin na ƙasarmu za a kawo, tunda na Kano ko ba ka so sai ka ji su cikin adaidaita da gidan biki.

Ni Niamey Twice na kawo, na marigayi Sa'adu Bori da Moussa Poussy, wanda kamfanin Stern's na Landan ya fitar a 1994. Sun raba waƙoƙin tsakaninsu, Moussa da Zabarmanci Sa'adu da Hausa. To wallahi ɓangaren Sa'adu ya hana ni sakat. Kiɗan orkes ne, gita da bas da ganguna na zamani, amma tafiyar kiɗan ta 'yan bori ce tsaf, irin mai zagayawa tana dawowa wuri ɗaya kuma kowane zagaye sai ta ƙara zafi, har ka ga mai dafa shayi ya manta da buta bisa wuta yana kaɗa ƙafa. Muryar tashi ba mai zaƙi ba ce irin ta yaran yanzu da inji ke gyara ma murya, tana da ƙura a ciki, kuma in ya ja baiti ba ya sauri. Abin da ya ba ni haushi, na tambayi masu turi sun fi nawa, wasu sun san sunan dai, amma cikakken aikin babu mai shi. Mutumin da Maradi ke taƙama da shi fa! Ƙarshe a YouTube na tsinto su ɗaya ɗaya da megar da ba ta da yawa.

Wani abokinmu mai gyaran moto da ya yi zama Yamai shi Kaani na Tal National ya kawo, na 2013. Nan gardama ta tashi. Shi ya ce duk Nijar babu orkes kamarsu, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci, ga kalangu cikin gita, kuma shugabansu Almeida alƙali ne, da rana shari'a da dare kiɗa. Duk gaskiya ne. Amma ni kiɗan ya yi mini sauri da yawa, gita biyu na tsere mai ganga na kora su, kafin ka kama wata hanya sun canza. Kiɗan filin rawa ne, ba na zaman shayi ba bayan isha'i. Sai da na sake sa shi da safe ina hanyar Tibiri bisa moto sannan ya shige ni, don haka ban ce ba shi da kyau ba, wurin jinshi ne daban.

Ƙaraminmu ɗan jami'a kuwa Mdou Moctar ya zo da shi, Afrique Victime na 2021, yana ta ba mu labari wai Turawa Amurka na cika fili don su gan shi, bahago ne, gitar farko da kanshi ya haɗa ta da wayar birkin keke. Gitar tashi kam tana kuka, ba ƙarya, ko ba ka jin Buzanci ka san mutumin nan ranshi a ɓace yake. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne albom ɗinshi na farko, Anar, a Sakkwato ya yi shi a 2008 da irin sautin waƙoƙin fim ɗin Hausa, kuma ta waya zuwa waya da Bluetooth ya bazu har ya kai inda ya kai. Kenan turin nan da nike ƙorafi a kai shi ya fitar da shi duniya. To sai dai yau ka nemi Mdou ko Bombino, shi ma mai gitar Buzaye, wajen masu turin Maradi, da wuya, alhali Fati Nijar da ta tafi Kano ta yi suna ko'ina akwai ta. Kamar sai waƙa ta bi ta Jibiya ta shigo sannan mu yarda waƙa ce.

Babban yayanmu na fada, Bagobiri ne, duk ya saurara bai ce uffan ba, sai da anka gama ya ce ku yara kuna wahala, a sa mishi Narambaɗa. Na ce Yaya ai Narambaɗa na Isa ne, Najeriya, sharaɗi ya hana. Ya ce Sarkin Gobir ya yi ma waƙa, kuma Gobir ta girmi iyaka. Ba mai iya ja da shi tunda shi ke sayen sukari, anka sa, kuma gaskiya kotson nan da 'yan amshi sun rufe bakin kowa.

Sati mai zuwa orkes ɗin Mamar Kassey ne, Denké-Denké na 1999 mai sarewar Yacouba Moumouni. Wanda ke da shi cikakke a Maradi, ko tsohon kaset ne, ya taimaka ya yi magana, muna da radiyon da ke ci har yanzu.