Yadda rana ta kore mu daga Pinnacles muka koma da la'asar

Wani abokina ɗan Malesiya da muke karatu tare a birnin Perth na Ostireliya ne ya dame ni da zancen Pinnacles, wasu duwatsu da ke tsaye cikin yashi, har na yarda. A raina dai cewa na yi, mutumin da ya tashi a Katsina wane yashi za a nuna masa? Muka yi hayar mota wata Asabar cikin Janairu, muka kama Indian Ocean Drive, titin da ke bin gaɓar teku zuwa arewa. Tafiyar kusan kilomita 200 ce.

Tun daga zaɓen lokaci muka yi kuskure. Janairu tsakiyar bazara ce a Ostireliya, mu kuwa sai ga mu a ƙofar gandun Nambung, inda duwatsun suke, da sha biyun rana, da gorar ruwa biyu kacal. Muka biya kuɗin shiga, wanda a kan mota ake karɓa, muka bi hanyar yashi mai kilomita 4 da ta zagaye wurin.

Gaskiya na janye maganata. Dubban duwatsu ne tsaitsaye cikin yashi ruwan ɗorawa, kai ka ce suri ne aka jera ba iyaka. Wasu iya gwiwa, wasu sun kai mita 3 da rabi. Wani mai tsini kamar haƙorin kare, wani dunƙule kamar turmin da aka kife. Dutsen farar ƙasa ne, kuma asalinsa ɓawon halittun teku ne da ya ragargaje, iska ta kwaso shi tudu, ruwan sama ya yi ta ratsa shi har ya daskare. Na durƙusa gaban ɗaya, sai na ga jikinsa duk ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. An hana hawa kansu, kuma daidai ne, don farar ƙasa ba ta jure wasa. Ƙasar mutanen Yued ce, 'yan asalin yankin, tun fil azal, kuma sunan Nambung daga harshensu yake, yana nufin abu mai lanƙwasa, wato kogin da ke gandun.

Amma ko minti ashirin ban yi a ƙasa ba. Yashin ya gasa mini ƙafa ta cikin silifas, ƙudaje kuma suka yi mana caa, ido da hanci da baki. Turawan da na yi wa dariya don sun rufe fuska da raga, ashe su ne masu wayo. Hotunan da muka ɗauka duk sun fito fari fat.

Muka gudu Cervantes, ƙaramin garin masunta da ya ci sunan wani jirgin farautar kifin whale na Amurka da ya tarwatse a wurin a 1844. Muka ci abinci, muka sayi ruwa. A Hangover Bay na yi alwala zan ta da salla, na juya gabas yadda jiki ya saba, sai abokina ya taɓa ni ya ce, "Akhi, teku za ka fuskanta." Daga can alƙibla arewa maso yamma take.

Da la'asar sakaliya muka koma, sai ka ce wani wuri dabam. Kowane dutse ya miƙe inuwarsa, yashin ya koma ja-ja, iska mai sanyi na tasowa daga teku. Wani emu, tsuntsu mai kama da jimina, ya ratsa tsakanin duwatsun ko kallonmu bai yi ba. Muka bi hanyar ƙafa a nitse har rana ta faɗi.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne komawa cikin duhu. Da magariba kangaru ke fitowa bakin titi, kuma ba mu yi nisa ba wani ya faɗo gabanmu, na taka birki har gorunan ruwa suka zubo ƙasa. Daga nan a hankali na ja motar, abokina na leƙen daji yana salati, ba mu shiga Perth ba sai wajen sha ɗayan dare.